Yaƙin Zayyanu da Ɗan Shuni

Da sunan Wanda ya shimfiɗa koguna ya cika su da halitta, ya ba wasu ƙaya, ya ba wasu ɓawo, wasu kuma ya ba su santsi domin su riƙa kuɓuce wa mai nemansu. Bayan haka, wannan shi ne tarihin waƙi'ar da ta auku a Hayin Banki cikin birnin Kaduna, a wani ɗaki ciki da falo, a hannun sadauki Zayyanu ɗan Arzika. Shi Arzika ɗan Nabara ne, Nabaran da ya jawo giwan ruwa daga Kwara har aka rasa jakin da zai ɗauke shi. Nabara ɗan Gado Mai Zago, wanda dorina kan ji tarinsa ta sauya mashaya. Gado kuwa ɗan Maidamma Sarkin Ruwa, wanda masu ruwaya suka ce ya taɓa nutsewa a Yawuri da hantsi bai ɓullo ba sai da aka kira azahar, da ya fito kuma bai ce komai ba sai tambayar wanda ya taka masa takalmi. Allah ya jiƙan magabata, ya rufa wa na baya asiri.

Wannan ita ce nasabar, kuma nauyinta ne ya sunkuyar da kafaɗun Zayyanu tun yana ƙarami. Mahaifinsa ya bar kogi ya kama aikin jirgin ƙasa, saboda haka a kan tudu aka haifi sadaukin, a kan tudu ya girma, ya karanta Tarihi a jami'a, ya fito yana koyar da shi a wata makarantar kuɗi. Bai iya iyo ba. Ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na bahon wanka, shi ma a hannun ungozoma. Bai taɓa kama kifi ba sai wanda ya riga ya sha mai da yaji. Ya kasance mutum mai yawan shiru da tafakkuri, wanda kan zauna bayan la'asar ya tallafe haɓa yana neman abin da zai ce wa Maidamma ranar da za su haɗu, in tsohon ya dube shi ya ce, kai kuma me ka yi?

Cikin irin wannan zama ne hikima ta sauko masa. Ya lura cewa kakanninsa, duk da ɗaukakarsu da shahararsu, sun ƙare rayuwa ne suna rage wa ruwa kifi; babu ɗaya cikinsu da ya taɓa ƙara masa ko ƙwaya. To shi ne zai zama na farko a gidan da kifi zai hayayyafa a hannunsa. Ya sayo akwatin gilashi ya ɗora a kan teburin da a da yake duba jarrabawar ɗalibai, ya shimfiɗa yashi, ya tafasa duwatsu ya jera su hawa-hawa har suka zama birni mai ƙofofi da lunguna, ya sa ɗan injin da ke hura iska yana ɓulɓul ba hutu. Sannan ya kawo mazauna birnin: kifi biyu dangin karfasa, amma karfasar tafkin Malawi, wadda ba ta san hanyar tukunyar miya ba. Namijin, wanda ya raɗa wa suna Ɗan Shuni, tsawonsa bai wuce yatsan tsakiya ba, sai dai shuɗinsa na ɗaukar ido kamar rawanin da aka fito da shi yanzu daga mabuga, gefen fikafikansa kuma kamar an shafa musu gwaiduwa. Macen, Gimbiya, launin toka ce, mai kamun kai, ba ta da ado sai natsuwa.

Al'adar wannan ƙabila ta kifi abin al'ajabi ce. Namiji kan haƙa ɗan gurbi a yashi ya tsaya a kansa yana karkarwa yana baje fikafikai har mace ta amsa. Sai ta zuba ƙwai, ta juyo ta tsince su da bakinta, ta rufe. Daga ranar ba ci, ba hamma, tsawon makonni, har 'ya'yan su ƙyanƙyashe a cikin bakin, su yi ƙwari, ta buɗe musu ƙofa su fito. Sai dai akwai sharaɗi guda mai tsanani: in aka matsa mata, ko aka firgita ta, takan haɗiye su gaba ɗaya, ta ci gaba da rayuwa kamar ba a yi ba.

Da lokaci ya yi, Gimbiya ta ɗauka. Zayyanu ya ga ƙasan haɓarta ya cika ya yi nauyi, daga baya har yana hango ɗigo-ɗigon idanun 'ya'yan ta cikin siririyar fatarta, sai ƙwalla ta taru masa, ya ji a karon farko cewa yana da amsar da zai ba Maidamma. Ya kafa dokar ta-ɓaci a gidan. Ya kashe rediyo, ya ɗiga wa ƙofa man gyaɗa don ta daina kuka, ya roƙi matarsa Basira ta riƙa kai dakanta maƙwabta. Amma fitina, kamar yadda duk mai karatun tarihi ya sani, ba kasafai take zuwa daga bayan ganuwa ba. Ɗan Shuni, angon jiya, azzalumin yau, wanda bai san haƙurin jego ba, ya sake haƙa gurbi ya koma karkarwa, da Gimbiya ta ƙi kula shi sai ya shiga korar ta lungu-lungu, yana tunkuyinta, yana cizon wutsiyarta har ta fara yagewa. Zayyanu ya duba ya gane cewa in ba a fitar da uban daga birnin ba, zuriyyar za ta ƙare a cikin uwarta.

A kwanakin nan akwai baƙuwa a gidan, Gwaggo Tumba, yayar mahaifinsa, wadda ta zo daga Yawuri aka yi mata aikin ido, take zaune a doguwar kujera da auduga a ido ɗaya da carbi a hannu, tana kallon akwatin gilashi da ɗayan idon kamar yadda ake kallon talabijin marar magana. Tsohuwa ce da ta tashi cikin jiragen ruwa, muryarta kuma an horar da ita ne don kiran mutum daga wannan gaɓa zuwa waccan. Safiyar Asabar da aka ɗaura niyyar yaƙi, Zayyanu ya so ya roƙe ta, duk abin da za ta gani, ta daure ta yi shiru. Ya je har gabanta ya durƙusa, ya buɗe baki, amma harshe ya ƙi, domin ba a taɓa jin ɗa ya ce wa yayar ubansa ta rage murya ba.

"Gwaggo," in ji shi, "ko a ƙaro miki fura?"

"Na ƙoshi, ɗan Arzika. Allah ya yi albarka."

A kan haka majalisar yaƙi ta tashi.

Sai aka juya ga makamai, aka tarar babu komar kamun kifi. Tun farko mai shagon kifin ya nuna masa wata 'yar raga mai mariƙi, amma Zayyanu ya ji ba zai iya ba: jikan mutanen da tarunsu ke tsallake kogi ya tsaya a gaban kanta yana tayin abin da bai fi marfin kofi ba. Don haka aka buɗe taskar Basira, ma'ajiyar kayan yaƙi, uwar rundunar da ba a nemi yardarta ba, aka fito da rariyar shayi, da matankaɗi, da ludayi, da mazubin mai, aka jera su a kan tabarma kamar yadda sarakunan dauri ke jera kwari da baka. Sadauki ya naɗe hannun jallabiyarsa har kafaɗa, ya tuɓe takalmi don kada takunsa ya yi amo, ya fuskanci birnin, ya yi kirari, amma cikin raɗa, saboda Gimbiya.

"Sai ni ɗan Arzika. Sai ni jinin Gado. Ruwa, ko ba ka san ni ba ka san gidanmu."

"Malam, ban ji ba," in ji Basira. "Rariyar kake so ko ludayin?"

Da rariyar shayi aka kai farmakin farko. Hannun sadauki ya shiga ruwa a hankali, da haiba da sakina, kamar hadarin da ke haɗuwa daga gabas. Ɗan Shuni ya tsaya cak yana duban wannan bala'i da ke saukowa daga sama, ya bari har rariya ta kusa taɓa shi, sannan ya ɓace, ya ɓullo a ƙofar yamma yana baje fikafikai. Aka bi shi yamma, ya fito ta kudu. Aka tare kudu, ya shige wani lungu da Zayyanu da kansa ya gina masa da hannunsa cikin ƙauna, ya leƙo kai daga ciki. A nan sadauki ya ɗanɗani ɗacin da magina birane suka sha ɗanɗana, na tsayawa a bayan ganuwar da kai ka ɗora tubalinta.

Aka kawo matankaɗi, babban makami mai faɗin garkuwa, aka tarar faɗin nasa ne aibinsa, domin ya ƙi shiga tsakanin duwatsu, ya maƙale, sai da aka ciro shi da lallami. Aka koma ga makirci. Zayyanu ya nutsar da rariya ya riƙe ta ba motsi, ya barbaɗa abinci a samanta, ya tsaya kamar gunki har dantsensa ya mutu, gumi na ɗiga daga hancinsa cikin ruwan. Ɗan Shuni ya fito cikin ƙasaita, ya tsince duk ƙwayar da ta faɗi gefen rariya, ya bar waɗanda ke ciki, ya juya ya kai wa Gimbiya tunkuyi ɗaya don a san yana nan, ya koma fadarsa.

Rana ta ɗaga. Zayyanu ya ja da baya ya zauna a gefen tabarma, ya dubi hannunsa da ya yi yaushi, ya shiga tunani mai zurfi a kan sha'anin gado: ko jini ma kan tsufa ne, ko kuwa a kowace zuriyya akwai wanda aka ƙaddara ya zama wurin da labari ke tsayawa. Ya tuna ya karanta faɗuwar dauloli da yawa, ya rubuta jarrabawa a kansu ya ci, amma ba a taɓa gaya masa cewa wanda ya ci yaƙi da wanda aka ci duka da ciwon baya suke tashi ba. Sannan ya ɗaga ido ya ga Gimbiya ta rakuɓe a kusurwa, bakinta a rufe gam, tana riƙe da amanar da babu wanda ya san nauyinta sai su biyu. Ya miƙe.

Ya yanke hukuncin da sarakuna ba sa yankewa sai sun ƙure: a rushe birnin. Dutse bayan dutse ya ciro, yana ɗigar ruwa, yana miƙa wa Basira, tana jerawa a kan ledar ɗakinta tana ƙunƙuni, har fadar da ƙofofinta da lungunanta suka zama kufai. Bai bar komai ba sai ɓarin kasko guda da ya kifa a kusurwa don Gimbiya ta fake, ta kuwa shige. Ruwa ya gurɓace, ƙurar yaƙi ta turnuƙe, ba a ganin komai sai walƙiyar shuɗi tana giftawa nan da can. Ko a filin da ba mafaka, rariya ba ta cim ma maƙiyi ba. Sai sadauki ya sauko ga dabara ta ƙarshe, ya ce a kawo bokiti za a rage ruwa.

Gwaggo Tumba ta gyara zama. "Ɗan Arzika, kwarfa za ka yi? Ai wannan aikin yara ne in kududdufi ya ja baya. Mu ma tun muna 'yan mata muka bar ta."

"Wata dabara ce ta zamani, Gwaggo," ya amsa cikin raɗa.

"To. Allah ya ba zamani sa'a."

Aka cika bokiti, aka cika baho, aka cika tukunyar tuwo da butar alwala, domin ruwan ba na zubarwa ba ne, shi za a mayar. Da mazubai suka ƙare, ido ya kai ga kabad, inda kwanukan auren Basira suke jere tun ranar da aka kawo ta, ba a taɓa zuba musu ko ruwan sha ba. Zayyanu ya nuna babbansu mai zanen fure, ya ce a nan za a tsare fursuna.

"Kwanon da Innata ta ce ko suna ake yi kada in fito da shi?"

"Basira, tarihi ake yi."

"A yi shi a bokiti mana."

Amma ta sauko da shi, ta riƙe da hannu biyu, fuskarta a ɗaure kamar mai miƙa ɗanta ga masu ɗibar soja.

Yanzu ruwa ya rage bai fi taƙi ɗaya ba. Sadauki ya jefar da rariya, ya sunkuya har ƙirjinsa ya haye bakin gilashi, ya zura hannu biyu tsirara kamar yadda kakanninsa ke lalube a ƙarƙashin gaɓa, ya matso da su sannu, ya ƙure maƙiyi a kusurwar arewa, inda ba gaba ba baya. Aka yi cirko-cirko. Ido ya shiga ido. A nan masu ruwaya suka saɓa: wasu sun ce Zayyanu ne ya ɗaga shi, wasu sun ce shi ya ɗaga kansa. Abin da aka haɗu a kai shi ne Ɗan Shuni ya yi tsalle ya bar ruwa, ya keta iska yana sheƙi, ya bugi haɓar sadauki, ya gangara ya faɗa aljihun gaban jallabiya, inda biro ke zama. Zayyanu ya dafe aljihu da tafinsa. Ya ji abu na motsi a daidai zuciyarsa, bai san nasa ne ko na kifin ba. Ya durƙusa, ya karkata, ya juye fursuna cikin kwano mai fure.

Ya kama. Ɗan Arzika, jikan Nabara, a shekarun da sa'o'insa na Yawuri suka gaji da kamu, ya kama kifi mai rai da hannunsa.

To a gidan Maidamma akwai al'ada da ba a taɓa tsallakewa ba: ranar da ɗa ya yi kamun fari, mata kan yi masa guɗa, a doki gefen jirgi har a ji a ƙetare. Gwaggo Tumba ta yi wa Arzika, ta yi wa 'ya'yan 'yan'uwanta kaf, wannan kaɗai ya rage mata, ta kuma daɗe da fid da rai. Ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta kama hancinta, ta saki guɗar da ta tara tun ranar sunansa, guɗa mai tsawo mai kaifi wadda ta ratsa falo ta fita ta taga, ta tashi tattabarun maƙwabta, ta sa mai wankin hula a bakin titi ya waiwayo. Ta nemi jirgin da za ta doka ba ta gani ba. Sai ta sunkuya ta ɗauki ludayi daga cikin makamai, ta nufi abu ɗaya tilo a ɗakin da ke ɗauke da ruwa da kifi, ta shiga dukan gefen akwatin gilashi, tana juyi tana kirari.

"Ya kama! Jinin Gado ya kama! Arzika, ina ma kana raye!"

Zayyanu yana durƙushe, hannunsa a miƙe, bakinsa a buɗe. Kalmar tana nan a kan harshensa, gajeriya ce, amma ko a wannan sa'a tarbiyya ta fi ƙarfinsa. Ya juya ya dubi kusurwa. Gimbiya ta fito daga ƙarƙashin kasko a guje, ta bugi gilashi, ta dawo, ta tsaya. Ya ga maƙogwaronta ya motsa sau ɗaya, ya sake motsawa. Haɓar da ta yi makonni a cike ta lafe. Sannan Gimbiya, mai kamun kai, ma'abociyar haƙuri, ta buɗe bakinta ta yi doguwar hamma, babu komai a ciki, ta gangara ta tsinci ƙwayar abincin da ta rage a yashi.

Gwaggo ta ajiye ludayi tana haki, ta share idonta mai lafiya da gefen mayafi, ta dafa kansa ta sa masa albarka mai tsawo, shi kuma yana cewa amin, amin, da muryar wanda ake yi wa ta'aziyya. Ta leƙa akwatin ta ce, "Ka ga har ita ta ji daɗi, ta samu bakin cin abinci." Ta karɓi waya aka kira mata Yawuri, ta shelanta wa dangi cewa ɗan Arzika ya yi kamu, da hannu, ba koma ba taru. Da aka tambaye ta daga can girman kifin, sai ta ce su dai ci gaba da yi masa addu'a.

Basira ta tsaya riƙe da kwanonta, fursuna na kewaya zanen fure a ciki. "To Malam, wannan fa? Ina za a kai shi?"

Zayyanu ya dubi fursunan. Ya auna al'amarin ta kowace fuska, kamar yadda aka koya masa auna dalilan yaƙe-yaƙe da sakamakonsu, ya ga hanya ɗaya ce: zuriyyar da aka yi yaƙin dominta ta tafi, kuma ba za a samu wata ba sai da wannan azzalumin. Saboda haka aka mayar da duwatsu, aka sake gina ƙofofi da lunguna, aka juye bokiti da baho da tukunyar tuwo da butar alwala, sannan sadauki ya karɓi kwano mai fure da hannu biyu, ya nutsar da bakinsa a hankali don kada mai martaba ya ji jijjiga. Ɗan Shuni ya fita bai waiwaya ba. Ya zaga birnin sau ɗaya, ya zaɓi wuri, ya fara haƙa gurbi.

Daga nan Zayyanu ɗan Arzika ɗan Nabara ya nemi tsumma ya durƙusa, domin ruwa ya kai har ƙarƙashin kujera, Basira kuma ta ce ba ita ta yi yaƙin ba.